Ba Hunturu Ke Kashe A-Kori-Kura Ba

Ko wace shekara, da zarar iskar hunturu ta kankama a watan Disamba, abu guda a ke gani da asuba a ƙauyukan masu noman rani, irin su Kadawa da Kura da Garun Malam. Ga kwandunan tumatir an jera a bayan a-kori-kura, ga direba yana ta murza makulli, inji kuwa sai gurnani ya ke yi, ya ƙi tashi. Kafin a tara samari su tura ta rana ta take, manyan motocin da ke lodi a Kwanar Gafan zuwa Ikko sun cika sun tafi. Tumatir ba ya jiran kowa. Mai kaya ya sayar yadda dillali ya ga dama, mai mota kuma ya ɗora wa sanyin bana laifi.

To, ba laifin sanyi ba ne. Ɗarin ƙasar Kano, ko da ya tsananta a watan Janairu, ba safai ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 10 ba. A Kanada da Rasha, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni, man gas kansa ya kan yi kauri kamar kakide ya toshe bututu, duk da haka masu motocin can suna fita aiki da safe. Abin da hunturu ke yi a ƙasar Hausa tonon asiri ne kawai. Duk gyaran da mai mota ya yi ta ɗagawa tun bazara, zafi ya rufa masa asiri, ran da aka tashi da jaura sai ya fito fili.

Ya kamata manomi ya san dalili, domin wanda ya san dalili ba a cika cutarsa a gareji ba. Motocin da a ke magana a kansu su ne tsofaffin Toyota Hilux na shekarun 1980 da 1990, masu injin da kanikawa ke kira 2L da 3L da 5L, da kuma Land Cruiser mai inji 1HZ wadda ta cika hanyoyin Damagaram da Agadas. Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Injin gas ba shi da shi. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda, har abin da ya cika mudu 22 ya koma cikin mudu 1, matsin nan ya sa iskar ta yi zafi fiye da digiri 500, sa'an nan a fesa mata mai ya kama da kansa. Watau zafin matsi shi ne ashanar injin gas. In ƙarfe ya kwana cikin ɗari sai ya shanye zafin nan kafin mai ya kama. In kuwa ringi ya cinye, iska na sulalewa ta gefe, ko batir ya yi rauni ba ya juya inji da sauri, zafin ba zai kai ba sam.

Saboda haka ne masu ƙera motar suka sa wa ko wane silinda hita guda, wani ɗan ƙarfe kamar ƙusa wanda ke yin ja wur in an ba shi wuta. Hilux tana da 4, Land Cruiser tana da 6. A watan Afrilu, ko biyu sun mutu mota za ta tashi, ba wanda zai lura. A watan Janairu guda ɗaya ta isa ta sa inji ya riƙa rawa yana aman farin hayaƙi mai yaji a ido, wanda ba kome ba ne illa man da bai ƙone ba. Gwajin hita ba ya ɗaukar bakanike rabin sa'a, kuɗinta kuwa bai kama ƙafar hasarar lodi guda na tumatir ba. Direba kuma ya koyi haƙuri. In ya murza makulli ya ga 'yar fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta kama, sai ya jira ta mutu tukuna ya tayar. Waɗansu an cire musu na'urar da ke ƙidaya lokaci an sa musu maɓalli na hannu. Wannan ba laifi, amma fa wanda ya danne shi ya shiga gaisawa da maƙwabci zai ƙone hita, wani lokaci har bakinta ya karye ya faɗa cikin silinda.

Batir kuwa zafin bazara ne ke cin sa, hunturu shela kaɗai ya ke yi. Zafi na ƙafar da ruwansa, ya lalata farantan ciki, sanyi kuma ya rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, inji ya fi wuyar juyawa. Lafiyayyen batir da ya kwana ya kan nuna 12.6 a awon mai gyaran waya. In ya sauka wajen 12.2 rabin cajinsa ya tafi. A duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya. Farin garin nan da ke taruwa a kawunansa a wanke shi da ruwan zafi da 'yar kanwa, a kula kada ya shiga cikin ramukan, a ɗaure da kyau a shafa giris. Sau da yawa an sayi sabon batir alhali kuwa wayar da ta tafi jikin mota ce ta yi tsatsa. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 ko 15 a murza guda. A saki, a huta rabin minti, domin sitata ma tana ƙonewa.

Yanzu sai dabarun asuba, waɗanda su ne ainihin masu kashe mota. Na farko shi ne a cire bututun iska a kara tsumma jiƙe da fetur. Mota ta kan tashi, gaskiya ne, da wata ƙara kamar an buga guduma a kan maƙera. Ƙarar nan fetur ne ya fashe tun fistan bai kai sama ba, kuma ko wane bugu yana cin ringi, yana iya lanƙwasa sandar fistan. Injin da aka saba wa haka, matsinsa raguwa ya ke yi, gobe sai ya nemi fetur fiye da na yau. Direbobi su kan ce mota ta kamu da shaye-shaye, ba su kuwa yi ƙarya ba. Na biyu turi. Waɗannan injuna suna da wani bel mai haƙora, taimin bel, wanda ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistan. Fizgar da a ke yi in an saki kuloci a guje tana iya sa tsohon bel ya tsallake haƙori ko ya tsinke, fistan ya daki bawul. Kamfanin ya ce a sake bel ɗin a kilomita 100,000, har ya sa fitila ta tunatarwa, amma motoci nawa ne agogonsu ke aiki? Na uku shi ne surka gas da kananzir don wai ya yi laushi. A ƙasashen ƙanƙara akwai dalilin yin haka. A Kano babu. Famfon mai na waɗannan motoci da gas ɗin kansa ya ke samun santsi, kananzir kuwa busasshe ne, sannu a hankali ya ke goge cikin famfo, wanda yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin injin. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Amma babban abokin gaban inji a wannan lokaci ƙura ce. Hazon da ke rufe gari, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, ga laushi kamar garin alkama, ga kaifi kamar yashi. Inji mai lita 2.8 in yana tafiya sosai ya kan shaƙi iska wajen lita 3,000 a minti guda, watau cikin duro 15. Ba abin da ke tsakanin wannan ƙura da fistan sai filtar iska, 'yar takarda naɗaɗɗiya. In ta toshe mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa baƙin hayaƙi, ta sha mai. Sai wani gwani ya cire ta ya jefar, ya ce ga shi mota ta sami numfashi. Ta samu kam, tare da ƙasar Cadi. Kafin damina ta dawo ringi ya gama cinyewa, hayaƙi ya koma shuɗi, alamar inji ya fara shan baƙin mai. Motar da ke bin hanyar burji a hunturu, a buɗe filtarta ko wane mako, a hura mata iska daga ciki zuwa waje, kada a buga ta da dutse. A ɗaga ta a rana, in an hangi ko da ɗan huji ne ta gama aiki. Baƙin mai kuma a juye shi a kilomita 5,000 tare da filtarsa, kuma irin wanda aka rubuta wa 15W-40 ya fi saurin zagaya inji da sanyin safiya bisa mai kaurin nan da a ke awo a kwalba a bakin hanya.

Akwai wata al'ada ta gareji da ta kamata a yi gardama da ita. A bakin bututun lagireto akwai wani ɗan bawul, tamostat, wanda ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 sa'an nan ya buɗe. Da mota ta shigo ƙasar nan sai a cire shi, wai na ƙasar Turawa ne. Injin da ba shi da shi, da safiyar hunturu ya kan yi tafiya mai nisa bai ɗumama ba, mai ba ya ƙonewa sarai, baƙin mai ya cika da kunkunniya, ƙarfe na cin ƙarfe. In mota na zafi, a nemi dalili a inda ya ke. Galibi ƙaiƙayi da ƙura ne suka toshe fuskar lagireto tun lokacin sussuka, ko ruwan rijiya ya bar farar ƙasa a cikin bututunsa, ko fambel ya saki.

Batun ruwa a cikin mai gajere ne. Iskar hunturu busasshiya ce, ba ita ke kawo shi ba. Daga duro da jarkar 'yan bumburutu ya ke fitowa, waɗanda suka sha damina a waje. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan makunni, a kwance shi ruwa ya tsiyaye, a danna famfon hannu da ke bisa har ya yi tauri.

Wa ke da alhakin duk wannan? An saba zagin direba da bakanike, kuma ba a ce ba su da nasu ba. Amma mai mota shi ne kan gaba. Direba ya ce a sayi hita, a ce masa ya lallaɓa sai bayan kasuwa. Bayan kasuwa kuɗi ya tafi wajen taki, ko biki, ko kuwa sabon fenti da ƙaho mai kiɗa da rubutu a bayan bodi. Motar ƙungiyar manoma ta fi shan wuya, don kowa na lodi ba mai zuba baƙin mai. Maganin abin littafi ne na 'yan kuɗi kaɗan, a hannun akawun ƙungiya ko ɗan mai mota da ke makaranta. A rubuta ran da aka juye mai, da ran da aka sake bel, da ran da aka sayi batir, a kuma ware wani abu daga kuɗin ko wane sawu wanda ba a taɓa shi sai don mota. Lokacin gyara kuwa watan Oktoba ne, ruwa ya ɗauke, amfanin gona bai gama zuwa gida ba, kanikawa ba su cika da aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In awo ya nuna matsin inji ya riga ya tafi, ba hitar da za ta cece shi, sai a sauke shi a yi masa ringi tun da damina, sa'ad da hanyoyin ƙauye suka ɓaci, mota na zaune.

Waɗansu za su ce me ya sa a ke wahala da tsohuwa, a sayar a sayi sabuwa mana. Mai hali ya saya, ba a hana shi ba. Sai dai ya sani injunan da suka biyo baya kwamfuta ke sarrafa su, suna fesa mai da matsi mai tsanani, gas mai datti kaɗan ya isa ya lalata su, in kuma suka tsaya a daji sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Tsohuwar kuwa ko wane gari akwai wanda ya san cikinta, kayanta na nan a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, sababbi da na hannu. Ga manomin da gonarsa ke nesa da kwalta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai dai wuraren da ɗari ke da haƙori na gaske. Masu jigilar dankalin Turawa a Bokkos da Mangu bisa tsaunin Jos sun san shi, haka masu bin hanyar Agadas zuwa Bilma, inda dare kan kusa daskarar da ruwa. A can, ko lafiyayyar mota tana son taimako. A ajiye ta a bayan katanga inda iska ba ta dukanta, gabanta na duban gabas don hantsi ya same ta, a rufe bonet da buhuna ko tsohon bargo. Batir mai rauni a kwance shi ya kwana a ɗaki. Da safe a ba hita wuta sau biyu kafin a tayar, in ta tashi a bar ta a silo minti biyu ko uku, kada a taka totur, sa'an nan a ja a hankali har allurar zafi ta motsa. In ta ƙi, butar ruwan zafi a kan famfon mai da bututunsa ta fi garwashin da waɗansu ke turawa ƙarƙashin inji. Ƙasan tsohuwar mota jiƙe ya ke da mai, kusa da ita kuwa galibi akwai karan dawa da rumbu da dannin zana, ga iska na kaɗawa.