Barcin Mai Sikizofireniya: Abin da Ya Kamata a Kai wa Likita

A gidajen da ake jinyar mai sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwar da kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya yi ta zargin ana bibiyarsa, ko tunaninsa ya wargaje, barci ne ma'aunin farko da iyali kan auna sauƙi da shi. Wanda ya kwana uku yana zagaye tsakar gida, in ya fara shan magani ya kwanta bayan isha'i bai farka ba sai hantsi, kowa sai ya yi hamdala. Bayan wata shida kuwa, barcin nan da aka yi wa murna shi ne zai koma abin gori: a ce ya zama malalaci, asuba tana wuce shi, ya kasa riƙe aiki. Duka hukuncin biyu an yanke su da gaggawa, kuma na biyun ya fi haɗari, domin shi ne kan tura mutum ya ajiye magani a ɓoye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kuma rikicewar barci na daga cikin abubuwan da suka fi addabar yawancinsu. Ciwon da kansa yana taɓa agogon jiki, wanda ke tsara lokacin da sinadarin melatonin zai fito ya kira barci. A 2012 masu bincike na Jami'ar Oksfod, cikinsu har da Katharina Wulff da Russell Foster, sun wallafa sakamakon bibiyar marasa lafiya 20 na tsawon mako shida, inda suka kwatanta su da masu lafiya marasa aikin yi. Rabin marasa lafiyar agogonsu ya kauce sosai daga tsarin dare da rana. Da yake abokan kwatancen ma zaman gida suke yi, ba za a ɗora laifin a kan rashin sana'a kaɗai ba.

A kan wannan ne magani yake ƙara nasa. Tun 1952, lokacin da Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba marasa lafiya kulofromazin a birnin Faris, maganin da aka fi sani da Largactil, aikin wannan rukuni na magunguna shi ne rage tasirin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Sai dai da yawansu suna toshe hanyar histamin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke riƙe mutum a farke. Duk wanda Piriton ya taɓa kashe wa jiki ya ɗanɗani ƙaramin misalin abin. Kulozafin da olanzafin da kwetiyafin da Largactil su ne masu nauyin barci. Haloferidol bai kai su ba, amma yakan jawo wani irin rashin sukuni a ƙafafu da ke hana zama wuri ɗaya, har ya hana runtsawa. Nauyin yakan ragu bayan makonnin farko, ko da yake akwai waɗanda ba ya sakinsu.

Babban mutum mai lafiya yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Mai shan waɗannan magunguna yana iya kaiwa 10 ko 12, kuma hakan ba laifinsa ba ne. Amma jimillar awanni ba ta bayyana dalili. Wani magani ne ya yi masa yawa, ko kuwa ana ba shi kaso mai nauyi da safe. Wani agogonsa ne ya juya: ba ya samun barci sai gab da asuba, don haka tashin azahar a wurinsa cikon awa takwas ne kawai. Wani ƙibar da olanzafin ko kulozafin suka jawo ce ta sa numfashinsa ke yankewa cikin dare. Alamarta minshari mai ƙarfi da tashi a gajiye. Wani kuma idonsa biyu, damuwa ce ko mutuwar zuciyar da ke tare da ciwon ta ɗaure shi a gado. Kowanne da maganinsa daban, kuma tsawa ba ta cikin magungunan.

Saboda haka ya kamata barci ya zama abin da ake tambaya a kowane zuwa asibiti, kamar yadda ake gwada hawan jini. Iyali na iya taimakawa da abu mai sauƙi: takarda ɗaya da za a rubuta lokacin kwanciya, lokacin tashi, barcin rana da lokacin shan magani, na tsawon mako biyu. Da wannan likita zai iya mayar da kaso mafi nauyi zuwa dare, ko ya rage shi sannu a hankali, ko ya sauya maganin. Shi kaɗai ke da wannan hurumi, domin yanke magani farat ɗaya na daga cikin manyan dalilan dawowar ciwon. Abin da ke hannun gida shi ne tsayayyen lokacin tashi, fita cikin hasken safiya, gajeriyar ƙailula, da barin goro da shayi da kofi bayan la'asar. A kuma sanar da likita batun taba: hayaƙinta yana sa hanta ta yi saurin narkar da olanzafin da kulozafin, don haka wanda ya daina sha kwatsam maganin zai ƙaru a jininsa, barci ya yi masa yawa. Sayen Valium a kemis ba tare da takardar likita ba kuwa ganganci ne, musamman ga mai shan kulozafin, domin haɗuwarsu na iya danne numfashi.

Wani zai ce wannan magana ce ta masu hali. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri cike suke, likitoci kaɗan ne, kuma gara mutum ya yi ta barci da ya koma fita titi. Akwai gaskiya a ciki: a lokacin tashin ciwo, nauyin magani rahama ne ga mara lafiya da masu jinyarsa. Amma jinyar sikizofireniya ta shekaru ce, kuma saurayin da aka bar shi da zaɓi tsakanin magani da aikinsa, ko matar da ba ta iya tashi ta shirya 'ya'yanta makaranta, da wuya su daɗe a kan maganin. Ga kuma shaida cewa barcin yana gyaruwa. A 2015 ayarin Daniel Freeman na Oksfod ya gwada koyar da dabarun barci ga marasa lafiya cikin wani gwaji na mutum 50 masu jin muryoyi ko ruɗin zargi, rashin barcinsu ya ragu ƙwarai. A 2017 gwajinsu a kan ɗalibai 3,755 ya nuna cewa gyara barci yana rage zargi da gane-gane, ko da yake ɗaliban ba majinyatan asibiti ba ne.

Abin da ya fi cancantar tsoro ma shi ne gushewar barci. Mai shan magani da ya saba kwana lafiya, in ya yi dare biyu ko uku ido biyu, sau da yawa ciwon ne yake sallama, kuma bai kamata a jira ranar da aka rubuta a kati ba. Haka nan watan azumi, da ke juya dare ya koma rana, yana buƙatar a zauna da likita tun cikin Sha'aban a tsara lokutan magani.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙoƙi irin na kowa. Za a ga tasirinta ne a ƙananan wurare: shugaban ofis da ya yarda ma'aikacinsa ya fara aiki ƙarfe 10 ya tashi a makare, likitan da ya tambayi ƙarfe nawa ake tashi, da uwar da ta zo asibiti riƙe da takardar mako biyu a hannunta.