IN AN FASA TSERE, WA ZAI ƊAUKI HASARA?

Ran Litinin 19 ga Oktoba, 1925 ba a san irin wannan magana ba, amma ran Lahadi 19 ga Oktoba, 2025, mutum wajen 24,000 suka kwana da shirin yin gudun famfalaki a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Tun da asuba, saura kamar sa'a ɗaya da rabi a tashi, sai aka sanar da su cewa an fasa, domin iska mai ƙarfi ta kwana tana bugawa har ta ɓata gine-ginen wucin gadi da aka kafa domin tseren.  Abin da ya jawo ka-ce-na-ce shi ne kuɗin shiga, gama sharaɗin da kowa ya yarda da shi ya ce ba a mayarwa. Daga baya kamfanin Sanlam, wanda ke ɗaukar nauyin tseren, ya yi alkawarin biya wa kowannensu kuɗin shiga na 2026 ko na 2027. Wannan kuwa alheri ne aka yi musu, kuma alheri daban ya ke da hakki.

Ya kamata masu karatu su san yadda wannan sha'ani ya ke. Gudun famfalaki tsawonsa mil 26 ne da yadi 385, watau kilomita 42 da 'yan kai. Gwanayen da ke neman lambar girma ba su da yawa a ciki. Mafi yawan masu gudu talakawan gari ne, malaman makaranta da akawuna da 'yan kasuwa, waɗanda su kan yi wata uku ko huɗu suna motsa jiki, su biya kuɗin shiga tun da sauran watanni, wasu kuma su biya na jirgi da na masauki. To, in aka fasa ana gobe tsere, ko da safiyar ranar, sai a tarar da hasara ta riga ta auku, abin da ya rage shi ne a san wuyan wanda za a rataya mata.

Masu shirya tsere suna da hujjarsu, ba ta banza ba ce kuwa. Su kan ce kafin ranar tsere sun riga sun kashe yawancin kuɗin: an ɗinka riguna, an ƙera lambobi, an sayi ruwan sha, an yi hayar shingaye da rumfuna, an biya ladan rufe tituna. In an ce su mayar da kome, sai ƙungiyar ta karye, baɗi kuma ba tsere. Amma shi ma mai gudu yana da tasa. Ya biya domin a shirya masa hanya ya yi gudu, ba a shirya ba. Ba shi ya zaɓi ranar ba, ba shi ya ƙulla ciniki da masu kaya ba, ba a kuma shawarce shi wajen rubuta sharuɗɗa ba. An miƙo masa su ne kurum, ko ya yarda ko ya koma gida.

Abin da ya faru a manyan birane uku ya isa ya nuna cewa ƙin mayar da kuɗi zaɓi ne na masu shiri. A ƙarshen Oktoba, 2012, guguwar nan da aka kira Sandy ta yi wa New York mummunar ɓarna. Da fari Magajin Gari Michael Bloomberg ya ce za a yi tsere duk da haka, jama'a suka yi ca, domin tsibirin Staten, inda a ke tashi, yana cikin wuraren da aka fi yin hasarar rai da gidaje. Sai ran Jumma'a 2 ga Nuwamba aka fasa, saura kwana biyu, bayan dubban baƙi sun riga sun sauka. Kowane baƙo daga wata ƙasa ya biya dala 347. Ƙa'idar ƙungiyar ta ce ba mayarwa, amma da ya ke tana da inshora, cikin Disamba ta ba kowa zaɓi: ko ya karɓi kuɗinsa, ko a ajiye masa wuri a tseren 2013, ko 2014, ko 2015.

A Tokyo kuwa ba haka aka yi ba. Ran 17 ga Fabrairu, 2020, sa'ad da annobar korona ta fara yaɗuwa, aka gaya wa mutum wajen 38,000 cewa ba su cikin tseren 1 ga Maris, gwanaye kaɗai za su yi. Ɗan ƙasar Japan ya biya yen 16,200, ba a mayar masa ba. An ajiye masa wuri a tsere na gaba, amma sai ya sake biya. Dalili kuwa, sharuɗɗan sun lissafa masifun da a ke mayar da kuɗi dominsu, kamar girgizar ƙasa da ambaliya da gobara, ba su ambaci annoba ba. A cikin wannan shekara, sabo da wannan annoba ɗin dai, masu tseren Boston, wanda a ke yi tun 1897, suka ɗaga nasu daga Afrilu zuwa Satumba, sa'an nan cikin Mayu suka fasa, suka ce kowa ya karɓi kuɗin shigarsa cif. Cuta ɗaya, shekara ɗaya, hukunci biyu. Bambancin yana ga abin da aka rubuta, da tanadin da aka yi tun kafin masifa ta zo.

Akwai wani gefe na maganar wanda ya fi kuɗi nauyi. Ran 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, aka yi tseren kilomita 100 a kan duwatsu. Sanyi da iska da ƙanƙara suka rutsa da masu gudu, mutum 21 suka mutu daga cikin 172. Wannan ya koya wa duniya cewa wajibi ne mai shiri ya sami ikon tsai da tsere nan take in ya hangi haɗari. Saboda haka duk dokar da za ta sa ya yi jinkiri don tsoron fatara, ta zama haɗari ita ma. Amma maganin wannan tsoro inshora ne da ajiya, kamar yadda aka gani a New York. Mai shiri ne ya san yawan abin da ya kashe, shi ne kuma ke iya sayen inshora guda wadda za ta rufe mutum dubu arba'in, a raba kuɗinta a kansu kowa ya ba da kaɗan. Wanda ya fi ikon yin rigakafi, shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin.

Shari'a ma ta fara karkata wajen nan. A Ingila akwai dokar hakkin mai saye ta 2015, wadda ta ce sharaɗin da babu adalci cikinsa ba ya ɗaure mai saye ko da ya sa hannu. Cikin Afrilu, 2020, hukumar da ke lura da gasa da kasuwanni a can ta bayyana cewa in aka karɓi kuɗin mutum ba a yi masa aikin ba, galibi hakkinsa ne a mayar masa, ko da an rubuta cewa ba a mayarwa. Ta yarda wani lokaci a cire ɗan abin da aka riga aka kashe, ta kuma yarda a yi masa tayin ɗaga ranar, amma ban da tilasta masa. A nan Nijeriya, inda a ke tseren Okpekpe a Jihar Edo tun 2013 da na birnin Ikko tun 2016, dokar gasa da kare hakkin mai saye ta 2018 ita ma ta hana sharuɗɗan zalunci, akwai kuma hukumar Tarayya da a ke kai wa ƙara.

To, ga abin da mu ke gani ya dace. Na ɗaya, a rubuta wa mai gudu a fili, tun bai biya ba, abin da zai samu in an fasa, da harshen da zai gane. Na biyu, a bambanta fasawar da ta zo daga Allah, kamar iska ko annoba, da wadda ta zo daga sakacin masu shiri, kamar rashin neman iznin hukuma ko rashin tanadin ruwa. In sakaci ne, sai a mayar da kuɗi duka, ba wani zance. In kuwa ƙaddara ce, sai a fito da lissafi a nuna abin da aka kashe, a mayar da saura. Na uku, a bar wa mutum zaɓi tsakanin kuɗinsa da wuri a tseren baɗi, gama wanda ya ƙetare teku bana ba lalle ba ne ya iya komowa. Na huɗu, hukumar da ke ba da iznin rufe tituna ta nemi ganin takardar inshora kafin ta sa hannu.

Shi kuma mai niyyar shiga, ya karanta sharuɗɗa tun kuɗinsa na aljihu, ya adana rasiɗinsa, ya nemi masauki da tikitin da a ke iya fasawa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ranar biyan kuɗi ita ce ranar tambaya.