Sharhi: Darasin Da Ke Cikin Bikin Al'adun Indonesiya Ga Najeriya

Kowace shekara idan ranar 17 ga Agusta ta zagayo, ofisoshin jakadancin Indonesiya a faɗin duniya, har da na Abuja, kan yi bikin tunawa da ranar da Sukarno ya shelanta 'yancin kan ƙasar a 1945. Ga ɗan Najeriyar da aka gayyata, irin wannan zama tamkar tafiya ce zuwa tsibirai sama da 17,000 ba tare da hawa jirgi ba.

Bisa al'adarsu, akan kawo shinkafar da aka dafa da kurkum da madarar kwakwa, a tula ta kamar dala, a yanke ƙololuwarta a miƙa wa babban baƙo. Sunanta tumpeng. Kusa da ita akan ga sate, naman da aka soke a tsinke aka gasa, ana ci da miyar gyaɗa, wanda Bahaushe na ganinsa zai ce tsire ne. Akwai kuma angklung, kayan kiɗan da ake yi da gora. Kowane ɗaya amo guda yake fitarwa idan an girgiza shi, don haka sai an haɗa hannuwa da yawa kafin kiɗa ya tashi.

Sai dai wanda ya tsaya a kan kiɗa da abinci kaɗai bai ga rabin abin da ake nuna masa ba. Abubuwa biyu da ke gaban baƙo a irin wannan biki suna da tarihin da ya ratso ta Najeriya: rigar da jami'an ke sanye da ita, da man da aka soya abincin da shi.

Rigar ita ce batik, yadin da mutanen tsibirin Java suka shahara da shi. Ana zana ado a kan farin yadi da narkakken kaki, a tsoma shi a rini, sannan a cire kakin, sai zanen ya fito. A ƙarni na 19, lokacin da Holan ke mulkin tsibiran, masana'antun Turai sun yi ƙoƙarin kwaikwayon batik da inji. Mutanen Java ba su karɓi kwaikwayon ba, amma kasuwannin Afirka ta Yamma sun rungume shi. Daga nan atamfa ta samo asali, kuma kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846 na nan yana bugawa har yau. Ke nan atamfar Holan da ake sakawa a lefe jikanyar batik ce.

Indonesiya ba ta bar wannan gado ya salwanta ba. A ranar 2 ga Oktoban 2009 hukumar UNESCO ta sanya batik cikin jerin al'adun gado na duniya, gwamnati kuma ta mayar da ranar ta zama ranar batik ta ƙasa. Ma'aikata da dama kan sanya shi ran Juma'a, shugabanni na sanya shi a tarukan ƙasa da ƙasa. Wannan ne ya samar wa masu rini kasuwa mai ɗorewa a cikin gida.

A nan gida kuwa, marinar Ƙofar Mata a Kano ta shafe ɗaruruwan shekaru, adire na Abeokuta ma da fasahar toshe rini ake yin sa. Amma manyan masaƙun Kaduna, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957, sun durƙushe, yawancin atamfar da ke Kantin Kwari kuma daga waje ake shigo da ita.

Labarin manja ya fi wannan ɗaci. Asalin bishiyar kwakwar manja Afirka ta Yamma ne. A 1848 aka dasa 'yan tsirrai huɗu a lambun itatuwa na Bogor da ke Java. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da manja. Yau Indonesiya ke samar da fiye da rabin abin da duniya ke amfani da shi, har tana haɗa shi da man dizal don motocinta, yayin da Najeriya ke shigo da shi don cike giɓi. Lokacin da Jakarta ta dakatar da fitar da manja na 'yan makonni a watan Afrilun 2022, sai da kasuwannin duniya suka girgiza.

Ko taliyar Indomie da yara ke ɗauka tamkar 'yar gida, daga can ta fito. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake sarrafa ta a Ota ta jihar Ogun, daga baya aka buɗe masana'antu a Fatakwal da Kaduna.

Ƙasashen biyu na da abubuwan da suka haɗa su. Dukansu na cikin ƙungiyar D-8 da aka kafa a 1997, da ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi. A Janairun 2025 Indonesiya ta zama cikakkiyar mamba a BRICS, Najeriya kuma ta shiga a matsayin abokiyar hulɗa. Kamar Najeriya, Indonesiya na da ɗaruruwan harsuna da addinai mabambanta, amma tun 1928 matasanta suka amince da harshe guda na ƙasa, abin da ya sauƙaƙa mata haɗa al'umma sama da miliyan 270.

Dangantakar ba ta rasa tabo ba. A 2015 Indonesiya ta zartar da hukuncin kisa kan wasu 'yan Najeriya bisa laifin safarar miyagun ƙwayoyi, a Agustan 2021 kuma Abuja ta kira jakadanta gida bayan jami'an shige da fice sun ci zarafin wani jami'in diflomasiyyar Najeriya a Jakarta. Daɗin kiɗan gora ba ya goge waɗannan, amma zaman tare irin na biki na buɗe ƙofar tattauna su cikin mutunci.

Tambayar da ta rage ita ce: me ofisoshin jakadancin Najeriya ke ɗorawa a kan tebur ranar 1 ga Oktoba? Kayan nunawa ba su yi mana kaɗan ba. UNESCO ta amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, ta amince da hawan sallar Kano a 2024. Abin da ya rage shi ne a ɗaura al'ada da kasuwa: jami'i ya sanya yadin da aka saƙa aka rina a gida, a gayyaci marina da madunka da masu kilishi tare da makaɗa, a kuma tabbatar akwai masana'antar da za ta cika odar da baƙo zai bayar washegari. In ba haka ba, za mu ci gaba da tafa wa wasu, sanye da atamfar da suka haifa, muna cin abincin da aka soya da man bishiyar da ta fito daga ƙasarmu.