Cinikin 'Yan Ƙwallo: Ina Rabon Parakou Da Djougou?

Duk ɗan kasuwar da ya san kan sana'arsa ba ya cinikin biri a sama. Haka ma manyan ƙungiyoyin ƙwallo suke, ba sa zuba kuɗi a kan yaro sai sun auna shi ciki da waje. Abin tambaya a nan shi ne, idan ciniki ya faɗa, me ke shiga aljihun waɗanda suka raini yaron?

A Amurka, inda ake buga irin tasu ƙwallon ta hannu, ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓen matasa daga jami'o'i a kowace shekara, tsarin da aka faro tun 1936. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasa ita ke fara zaɓe, don kada mai ƙarfi ya kwashe komai. Kafin ranar zaɓe ana tara yaran a birnin Indianapolis, a gwada tsawonsu da nauyinsu da gudunsu, likitoci su duba lafiyarsu. Akwai gurbin da ake neman wanda zai iya aiki biyu, ya tare abokin karawa da ƙirji, ya kuma cafe ƙwallo a guje. Irin wannan yaro wuyar samu gare shi, shi ya sa ake bin tarihin wasanninsa tun daga makaranta.

A ƙwallon ƙafa kuwa babu layi, kasuwa ce a buɗe, mai kuɗi shi ke ɗauka. Amma ƙungiyoyin Turai su ma shaida suke nema. Idan mai karatu bai manta ba, ƙwallaye 18 da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010 su suka ja hankalin VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Duk da haka sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata, domin dokar FIFA ta hana kai yaro wata ƙasa kafin wannan shekaru, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Daga nan ya wuce CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester ta Ingila ta saye shi a 2016 kan kuɗi kimanin fam miliyan 16.

To a nan ne gizo ke saƙar. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na irin wannan ciniki don a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin fam miliyan 16, wannan kaso ya kai fam 800,000. Sai dai ba a biya da fatar baki. Ofishin da FIFA ta buɗe a Paris a 2022 don raba waɗannan kuɗaɗe rajista kawai yake dubawa. Yaron da ya taso a filin Bariénou ko wata unguwa a Djougou ba tare da an rubuta sunansa a hukumar ƙwallon ƙafa ta Benin ba, waɗanda suka ciyar da shi suka saya masa takalmi ba su da ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Arewacin Benin ba ta rasa gwanaye ba. Buffles ta Parakou ta ɗauki kofin ƙasa a 2017 da 2019, ga kuma Panthères a Djougou. Abin da ya rage shi ne takarda: shaidar haihuwa ta gaskiya, da rajista tun yaro yana ƙarami, da yarjejeniya a rubuce.

Su ma iyaye da attajiran da ke tallafa wa ƙungiyoyin unguwa sai su yi hattara da dillalan bogi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske takan aiko da takardar gayyata, ba ta neman uba ya sayar da gona ko ya karya jarinsa. A 2015 gidan rediyon BBC ya bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma zuwa wata ƙungiya a ƙasar Laos, inda suka tsinci kansu cikin halin ni-'yasu.

Saboda haka, kafin a miƙa wa dillali ko dala ɗaya, a nemi ganin lasisinsa, a kuma tuntuɓi hukumar ƙwallo. Allah ya sa mu gane.