Kafin ka tura kuɗin sandar Harry Potter, zo mu yi lissafi

1/ Daren jiya ƙanena ya turo min sikirinshot. Wani ne a intanet ke sayar da sandar sihirin Harry Potter, ₦180,000, wai "ita aka riƙe a cikin fim, har da takardar shaida". Alawus ɗinsa na bautar ƙasa ne yaron ya tara, na wata biyu da ɗori. Ya ce, "Yaya, in tura?" Na ce kar ka soma. Ga zare 🧵

2/ Ni ma ina tara irin kayan nan: hular kwano, zobe, takobin haske, garkuwa. Ba ni da yawa, kuma na sha ƙuna kafin na iya. Abin da na gane shi ne, sabon shiga ba kaya yake saya ba, labari ake sayar masa. Ya ji sunan fim ɗin da yake so, shi ke nan, lissafi ya gudu.

3/ Matsayata: farashin gaskiya shi ne abin da wasu suka BIYA kwanan nan a kan wannan kayan sak, a haɗa da kuɗin kawo shi ƙofar gidanka. Abin da mai kaya ya rubuta kuwa buri ne kawai. Mai tumatir ma yana iya cewa kwandonsa miliyan ne, bakinsa ne.

4/ Amma kafin a zo kan "nawa ne", sai ka san mene ne a gabanka. Akwai na asali, wanda ya shiga gaban kyamara. Akwai kwafi mai lasisi, wanda kamfani ya biya masu fim ya samu izinin yi. Akwai na masoya, aikin hannun mutum a gidansa. Sai jabu, mai shigar burtu yana kwaikwayon ɗaya daga cikinsu.

5/ Na asalin fa, mu cire rai tun yanzu 😂 A Disambar 2024 gidan gwanjon Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da jan takalmin The Wizard of Oz, fim ɗin 1939, a kan dala miliyan 32.5. Takalmi fa, ƙafa biyu.

6/ Katakon nan na Titanic da Rose ta kwanta a kai, Jack yana cikin ruwa yana rawar sanyi? Dala 718,750 a Maris 2024. Bindigar Han Solo ta Star Wars ta haura dala miliyan 1 a 2022. Ƙaramin jirgin X-wing da aka ɗauki fim ɗin 1977 da shi ya wuce dala miliyan 3 a 2023.

7/ To ka ce min sandar da jarumi ya riƙe a Harry Potter ta baro Ingila, ta tsallake duk attajiran da ke farautar irinta, ta zo ta tsaya a hannun wani da ke nemanka ta DM a kan ₦180k? Haba. Ko sandar ƙaramin ɗan wasa ce, maganar dubban daloli ake.

8/ Takardar shaidar kuma, duk mai firinta zai buga maka goma kafin ka gama shan shayi. Darajar takarda tana ga wanda ya sa mata hannu. In daga gidan gwanjo sananne ta fito, irin su Propstore ko Heritage, za ka iya bin sawun kayan a tsofaffin jerin gwanjonsu. In ba ka san mai sa hannun ba, takarda ce kawai.

9/ Ga wani labari da ya canza min tunani. Takobin hasken Luke Skywalker na fim ɗin farko, da mariƙin fitilar tsohuwar kyamara ƙirar Graflex aka yi shi. Roger Christian, mai shirya kayan dandalin fim ɗin, shi ya tsinto su a wani shagon kayan hoto a Landan. Tarkace ne da ba wanda ya damu da shi a lokacin.

10/ Ka gane? Miliyoyin da ake zubawa a na asali, ba na ƙarfen ba ne. Na tarihi ne: wane ne ya riƙe, a wane fim, ina hujja. Kwafi ba shi da wannan tarihin ko ƙwaya. Don haka a kwafi, abin da za ka biya shi ne kayan haɗi, kyawun aiki, da lasisi in akwai. Duk wanda ya ɗora maka kuɗin tarihi a kan kwafi, ya cuce ka.

11/ Yanzu mai lasisi, inda ya kamata sabon shiga ya fara. Daɗinsa shi ne yana da farashin kanti da kowa zai iya dubawa. The Noble Collection ke yin sandunan Harry Potter. Hasbro na yin hulunan kwano da takubban Star Wars, da garkuwar Captain America. United Cutlery da Weta Workshop na Niyu Zilan suna yin kayan The Lord of the Rings.

12/ Sandar Noble ta yau da kullum, 'yan dala gomomi ce, ba ta kai ɗari ba. Kuma ba itace ba ce, rezin ce, wata irin roba mai tauri da ake zubawa a mazubi. In ta faɗo kan tayil tana iya karyewa. Da yawa ba su san haka ba sai sun buɗe kwali.

13/ Matakin farko ke nan: shiga shafin kamfanin da kansa. In har yanzu suna sayar da kayan, wannan farashin shi ne ma'auninka. Ba dalilin biyan ninki uku a kan abin da ke jibge a kanti, don kawai wani ya rubuta "ba a samunsa" da manyan haruffa.

14/ In sun daina yi, sai eBay. Amma a nan mutane ke faɗawa rami. Suna buɗewa su ga wani ya sa dala 900, su ce "kai, ashe haka yake da tsada". A'a. Wannan ya shekara a wurin ba wanda ya taya. Ka danna tacewar Sold items, ita ke nuna wanda aka saya da abin da aka biya.

15/ Yadda nake yi: in nemo ciniki biyar zuwa goma na kwanan nan, in jefar da mafi tsada da mafi araha, in dubi tsakiya. Kuma dole ya zama kaya iri ɗaya: kamfani ɗaya, fitowa ɗaya, yanayi ɗaya. Mai kwali da marar kwali ba kuɗinsu ɗaya ba. Wanda batiri ya zube a cikinsa, wannan wani zance ne daban.

16/ In farashin gidan gwanjo kake dubawa, lura da la'ada. Takalmin can na sama, a dala miliyan 28 aka buga guduma, la'adar gidan ce ta kai shi 32.5. A ƙananan kaya la'adar kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, ko fiye. Ka tabbatar wace lamba kake kallo, ta kafin la'ada ko ta bayanta.

17/ Sai abin da masu bidiyon bitar kaya na Amurka ba za su gaya maka ba, don ba matsalarsu ba ce: dako. Kamfanonin jigila ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da girman kwali. A DHL, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000.

18/ Gwada da hular kwano. Kwali mai santimita 35 ta kowane ɓangare: 35×35×35 = 42,875. Raba da 5,000, ya ba ka kilo 8.6 kusan. Hular kanta wataƙila ba ta kai kilo 2 ba, amma kuɗin kilo 8 da rabi za ka biya. Iska ka yi wa dako 😭

19/ Ɗora kuɗin fito na kwastam, ɗora cajin banki, ɗora canji. Kowa ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023: dalar da ke ƙasa da ₦500 a farashin hukuma ta haura ₦1,500 a 2024. Kayan bai ƙara komai ba a can, a nan ya ninka sau uku.

20/ Wannan ne ya sa ba na zagin duk ɗan kasuwar gida da ya ɗora riba. Mu ƙaddara sanda dala 45, dako dala 35, dala a ₦1,500. ₦120,000 ke nan kafin kwastam. In mutum ya kawo ta, ya ɗauki kasadar karyewa a hanya, ya ce ₦140k, wannan ciniki ne, a taya a yi albarka. Matsalata da mai ₦180k ƙaryar "ta cikin fim" ce.

21/ Kuma in ya yi ƙarya a kan wannan, me zai sa in yarda ma ta Noble ce? Kasuwannin intanet cike suke da jabun sanduna na 'yan daloli kaɗan, a kwali mai kama da na gaske.

22/ Bari in ba ku tawa, kar ku ɗauka wayo ne ya yi min yawa. A 2022 na sayi hular sojan Star Wars, farar nan, a hannun wani. Hotuna tas-tas. Ya ce aikin hannu ne, guda kaɗan aka yi. Na biya ba tare da na nemi ko bidiyo ba, don ina tsoron wani ya riga ni.

23/ Da ta iso, kaina ya ƙi shiga. Layukan fuskar duk sun dushe kamar sabulun da aka yi wanka da shi, ga ƙananan ramuka na kumfa a gefen kunne. Ashe zubi a kan zubi ce: an ɗauki hular wani, an yi mazubi da ita, an zuba sabuwa. Kowane zubi yana ɗan tsukewa, yana cinye zane.

24/ Hotunan da ya nuna min kuwa na hular asalin da aka kwafa ne. Na yi magana, ya toshe ni. Tana nan a saman kabad, ina ajiye caja da tsofaffin wayoyi a ciki. Araha ba ta ado, to wannan ko arahar ma ban samu ba.

25/ Tun daga ranar, sharaɗina: hoton kayan tare da takarda da aka rubuta sunana da kwanan wata da hannu. Bidiyo ana juya shi, har ciki. Awo da tef. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara "ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce masa eh, ka wuce.

26/ Kar wannan ya sa ku raina aikin masoya fa. Wasu cikinsu sun fi na kamfani kama da na fim, don suna tsayar da hoto ɗaya-ɗaya suna ƙirga ƙusoshi. A nan ba farashin kanti, sai ka kimanta wahala. Na'urar 3D ta sa fitar da siffa ya yi sauƙi, amma gogewa da fenti su ke cin kwanaki.

27/ In ka ga layi-layi siriri a jikin kaya kamar zanen yatsa, ba a goge shi ba, ɗanyen aiki ne, kuɗinsa ya zama na ɗanye. In an cike, an goge, an yi fenti hawa-hawa har da tsatsar ƙarya da ƙurjewa, to ka biya mutum haƙƙinsa, kar ka tsaya taya shi kamar gwanjon riga.

28/ Maganar "guda 500 kacal aka yi a duniya" kuma, tambaya biyu: wa ya ƙirga, kuma mutum nawa ke nema? Ƙarancin abu ba ya ba shi daraja in ba mai so. Sannan manyan kamfanoni kan sake fito da abin da ya yi kasuwa. Ranar da aka sake fitarwa, wanda ya saya a ninki biyu sai haƙuri.

29/ Na san wani zai ce, "Ai kayan Master Replicas sun yi tsada." Gaskiya ne. Kamfanin ya daina yin kayan Star Wars tun wajen 2008, kuma wasu takubbansu masu lamba yanzu sun fi kuɗinsu na da. Amma waɗanda suka tashi ake ba ka labari. Ba mai yin zare a kan tulin da ke kwance ba mai tayawa.

30/ Shi ya sa kalmar "jari" ke ba ni haushi a harkar nan. Ko kayan ya tashi a Amurka, kai da ke Kano ko Kaduna wa za ka sayar wa? Masu saye a nan 'yan tsiraru ne. In za ka mayar da shi waje, dakon nan na kilo 8.6 yana jiranka a karo na biyu. Ka saya don kana son ganinsa a ɗakinka, da kuɗin da in sun tafi ba za ka kasa barci ba.

31/ Biyan kuɗi tun kafin a ƙera kaya, wai a jira wata shida: ba a cinikin biri a sama. Ga sabon shiga, a'a kawai.

32/ Abu mai siffar bindiga kuma, ko na roba ne, ko na Han Solo ne, ni ba na odarsa. Ba na son tsayawa ina yi wa jami'in kwastam ko ɗan sanda a shingen hanya bayanin Star Wars. Dogon takobin ƙarfe ma ka yi tambaya sosai kafin ka biya. Kayan da aka riƙe a tasha, ko kyauta aka ba ka ya yi tsada.

33/ In ni ne zan fara yau, da ƙaramin abu zan fara, mai lasisi, marar cin wuri a kwali. Zobe, sanda, abin wuya. Zoben The Lord of the Rings ma, shagon Jens Hansen da ke Nelson a Niyu Zilan, wanda ya ƙera na fim ɗin, har yanzu yana yin kwafinsa. Na zinare ba na aljihun ɗan bautar ƙasa ba ne dai 😅

34/ Ƙanena ya koma wa mai sandar da tambaya uku: daga wane gidan gwanjo ta fito, a wace shekara, kuma a turo bidiyo da sunansa a takarda. Amsar da ya samu: "Akwai wani da ke son biya yanzu, in ba ka shirya ba ka faɗa." Ya ce a sayar wa wancan ɗin.

35/ Da safen nan ya sake turo min sikirinshot. Sandar tana nan, ta sauko ₦110,000, an goge "ta cikin fim" an sa "irin ta cikin fim". Ya ce, "Yaya, yanzu fa?" Na ce bidiyon dai tukuna. Har yanzu shiru.