Muryar Ɗankama da Muryar Malami

Bayan haka, ya jama'a, a dubi ɗankama a dandali. Yakan naɗa rawani, ya tanƙwashe ƙafafu, ya ja murya irin ta mai tafsiri, alhali karatunsa tuwo ne da miya. In ya sassauta murya, jama'a su yi tsit. In ya ɗaga yatsa ya girgiza kai, su fashe da dariya. Waɗansu malamai suna ganin izgili ne. Izina ce: murya da motsi sukan riga ma'ana isa zuciya. Saboda haka kada zaƙin muryar mai wa'azi ko rantsuwar dillali su ruɗi kowa. A auna magana da hujja, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Wassalamu.