Mai Gadin Ƙwayar Halitta da Funfunar Rumbu

A ƙarshen damina, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Samaru zuwa Bomo zai ga masara da gyaɗa a baje a ƙofar gidaje ana shanya. Ɗalibin sakandaren da ya ratsa ta wurin da safe, in ya isa aji sai a koya masa yadda ƙwayar halitta take girma ta rabu biyu. Da wuya a gaya masa yadda take mutuwa, balle a nuna masa alaƙar mutuwar da shanyar da ya baro a ƙofar gida. Wannan giɓi ne da ya kamata malaman ilmin halittu su cike, domin rayuka sun rataya a kansa.

Kowace rana biliyoyin ƙwayoyin halitta suna mutuwa a jikin mutum mai ƙoshin lafiya, bisa tsari, ba bisa haɗari ba. Ta haka yatsun jariri suke rabuwa tun yana ciki, ta haka kuma jelar ɗan kwaɗo take ɓacewa. A 1972 masana uku a Jami'ar Aberdeen, wato Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa wa wannan tsararriyar mutuwa suna afoftosis.

Masu yanke hukuncin kuwa furotin ne. Babbansu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. In lafiya lau ake, wani furotin mai suna MDM2 yakan riƙa rushe shi, don kada ya taru. Amma da zarar ƙwayar ta shiga matsi, ko guba ko hasken rana mai ƙuna ya lalata kundin gadonta na DNA, sai p53 ya taru ya dakatar da rabuwa har a yi gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya sa a tayar da Bax, wanda yakan huda bangon maitokondiriya, wato injin wutar ƙwayar. Furotin Bcl-2 yana ƙoƙarin hana hujin; in an rinjaye shi, wani sinadari ya kwararo daga injin ya farkar da kasfes, furotin masu aikin almakashi. Su suke daddatsa ƙwayar daga ciki, maƙwabta su haɗiye gutsattsarin ba tare da kumburi ba. Hikimar a fili take: wake ɗaya shi ke ɓata gari, don haka ƙwayar da ta lalace gara ta mutu da ta haifi irinta. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana samun p53 a lalace a cikinsu.

To, ina ruwan manomin Bomo da wannan? Gyaɗa ko masarar da aka adana da sauran danshi takan yi funfuna, kuma wata irin funfuna, Aspergillus flavus, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Dafuwa da suya ba sa kawar da ita. Idan ta isa hanta, sai ta manne wa DNA. A 1991 bincike kan masu dajin hanta a ƙasar Sin da kudancin Afirka ya nuna cewa sau da yawa ɓarnar takan faɗa a wuri guda, gurbi na 249 a cikin umurnin ƙera p53. Harafi ɗaya ya canja, mai gadi ya makance, ƙwayar da ya kamata ta mutu ta ci gaba da hayayyafa. Haɗarin yana ninkuwa ƙwarai ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma.

Wasu malamai za su ce wannan ilmin jami'a ne, ya fi ƙarfin ɗan sakandare, kuma jarrabawa ba ta tambayarsa. Uzurin bai karɓu ba. Yaron da ya iya haddace matakan rabuwar ƙwayar halitta ba zai kasa riƙe labarin mai gadi da almakashi ba. Bugu da ƙari, shi ne mai taya shanya da ɓarar gyaɗa a gida, shi ne kuma yake ganin inda ake kai ruɓaɓɓun 'ya'yan da aka tsince, ko ga kaji ko ga masu ƙuli-ƙuli a farashi mai rahusa.

Maganin ma ba mai tsada ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2005 ya gwada matakai masu sauƙi a ƙauyukan yankin Kindia na ƙasar Gini: tsince gyaɗar da ta lalace da hannu, shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan kan katako maimakon ƙasa. Alamar gubar a jinin mutanen ƙauyukan ta gaza rabin ta waɗanda ba su bi matakan ba. Ga kuma allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda Nijeriya ta shigar cikin rigakafin jarirai a 2004.

Samaru ta daɗe da zama matattarar binciken noma, tun daga 1922, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da ingantattun irin gyaɗa da masara masu yawa. Abin takaici ne a ce wannan ilmi yana maƙwabtaka da Bomo amma darasin aji bai taɓa rumbu ba. Malami bai buƙaci madubin ƙara girma mai tsada ba. Ya isa ya sa ɗalibai su zo da tafin gyaɗa, su ware lafiyayyu daga masu tsatsa da masu kore-kore, sannan ya zana p53 a allo ya bayyana abin da kowane kashi zai yi a hanta. Ɗalibin da ya yi wannan darasi da hannunsa, in ya koma gida ya tarar an baje gyaɗa a tsurar ƙasa, zai san dalilin da ya sa ya kamata ya ɗauko tabarma.